Abin da Ke Bayan Yana

A asibitin Puno, bakin gadon ƙarfe,
innata Fortunata ta riƙe hularta a cinya
kamar za a ƙwace.

Likita Huanca ya haska fitila, ya daɗe.
Ya ce, “Yanar nan zan cire ta da safe,
aikin rabin sa'a ne.
Amma akwai baƙo a bayanta,
hawan jinin ido, ya ci jijiya shiru
kamar gara cikin azara.
Ciwon sukari ma ya yi nasa ɓarin a can ciki.
Abin da suka ci ba ya dawowa.”

Ta ce, “Nawa suka rage mini?”

Ranar da aka kwance bandeji
ba ta ga tafkin duka ba,
tsakiyarsa kawai, faɗin faifai,
da kwale-kwalen kara ɗaya yana ratsawa.
Ni kuwa sai da na tsaya saitin hancinta.
Ta ce, “Ashe ka yi furfura, Wilber.”

Yanzu ɗigo biyu, safe da dare, har ƙarshen rai.
Ta koma saƙa.
Jan ulun da ta shekara shida tana laluba
ta ɗaga shi ga rana,
ta ce an cuce ta a kasuwa,
wannan ai ruwan goro ne.