Tubali a Sama

Malam Ishaya ya ja layi da alli,
ya taso daga gindin allo, ya yi doro,
ya sauka can inda fenti ya ɓare.
Ya ce, "Kowane jifa, wannan ce hanyarsa."

Aji ya yi tsit, sai ƙugin fanka.
Ni kuwa bakan gizon soronmu na Kwarbai na gani,
wanda Baba ya ɗaure da azara shekarar haihuwata,
har yau damina ba ta ci galaba a kansa.

Jifa gudu biyu ne a riga ɗaya, in ji Malam.
Ɗaya ya miƙe gaba, ba ruwansa da kowa.
Ɗaya na hawa, ƙasa na karɓar haraji,
tara da ɗigo takwas duk sakan,
ba ta yafe wa dutse, ba ta yafe wa gyaɗa,
har gudun ya ƙare, ya zama sifiri a bisa.

Sifirin nan na san shi tun ban shiga boko ba,
ina kai wa magina koko a Tudun Jukun.
Baba a ƙasa, laka har ƙwauri.
Kawu Barau kan katanga, ya yi mata hawan jaki.
Baba ya rage tsawo, ya cilla tubali,
ya hau, ya hau, ya gaji,
ya tsaya cak kamar wanda ya tuna mantuwa a gida.
Nan Kawu ke miƙa hannu ya tsinke shi
kamar nunannen mangwaro.
Ɗari uku kafin azahar, ba mai cewa uffan.
Ba takarda, ba biro,
kafaɗar Baba ke yin lissafinsa.

Ran Talata Malam ya hau benci,
makulli a hagu, rabin bulo a dama,
ya sake su tare, ƙara ɗaya muka ji.
'Yan baya suka yi tafi, wai ya maimaita.
Ni ban yi tafi ba.
Abin bai zo mini da wasa.

Katangar nan mita shida ce, na auna daga baya.
An kwana ana ruwa, kanta ya yi santsi.
Kawu ya miƙa hannu, tubalin ya ɗan goce,
ya bi shi da jiki.
Baba ya ce tare suka iso, shi da tubalin.
Tubalin ne ma bai fashe ba,
ya faɗa laka, an sake ɗora shi a ginin.
Kawu muka rasa.

Da dare, a ɗakin karatu na Samaru,
na ninka shida biyu, na raba, na ciro tushe:
sakan ɗaya da ɗan ɗoriya.
Na sa agogo gabana na gwada kalmar shahada,
na sake, na hanzarta, na haɗiye harufa.
Baba ya rantse ya ji an fara ta.
Wanda ya yi ƙasar ya san nisan,
Shi zai cika masa.

A jarrabawa suka ce an harba ƙwallo
a kusurwar digiri arba'in da biyar,
ina zai faɗi? Na ba su amsa har ɗigo biyu.
Na kai wa Baba takardar, ya riƙe ta a juye,
ya ce, "Hansatu, ku kun rubuta, mu mun jefa."
Kafaɗar ta daina ɗagawa tun bara,
man zafi nake shafa masa.

Amma jiya na ga ya ɗauki goro a faifai,
ya cilla wa ƙanina da ke kan dakali.
Goron ya hau, ya yi doro,
ya ɗan tsaya inda hannu ya kamata ya kasance,
sannan ya tuna da ƙasa.