Safar Imogene

A Chillicothe, bayan layin dogo,
inda kogin Scioto ke jan jiki kamar mai ciwon baya,
ina da fili taki goma sha biyu,
shingen waya, famfo mai ɗiga,
da gindi bakwai na kabewa.

Ba ni na saba shuka su ba.
Shekara arba'in da ɗaya aikina ɗaukar bokiti,
Imogene ce mai durƙusawa.

Bara, shekarar farko da babu ita,
na ga ganye ya yi yaushi da tsakar rana,
na ce ƙishi ne, na ba su ruwa.
Kashegari na ƙara, na kuma ƙarawa.
Ran Lahadi na dawo daga coci,
na tarar da su zube kamar shanyar da igiyarta ta tsinke.
Na taɓa gindin, ya fashe a hannuna,
ciki kogo, ciki dusa mai danshi,
da wata farar tsutsa da ta ci ta ƙoshi,
ko kunyar idona ba ta ji ba.
Ashe ina ta shayar da mutuwa.

Bana na nemo kalandarta ta bango,
wadda masu sayar da taki ke rabawa.
Ƙarƙashin ashirin ga Yuni, da fensir:
"Mai jan wando ta iso. Wendell, tabarau."
Ban san nawa take nufi ba ko nata,
na zuba duka biyun a aljihu,
na fita tun raɓa ba ta fara bushewa.

Na gan ta. Ta yi shigar rina don a ji tsoro,
ciki ja da ɗigon baƙi,
amma ba ta harbi, ƙwai ne makaminta.
Ɗaya nan, ɗaya can, ba ta tara su wuri guda,
kowanne kamar ƙwayar riɗi, launin tsatsa,
manne a inda kara da ƙasa ke gaisawa.
Na kankare goma sha tara da farce,
gwiwa na ƙara, ƙugu na tsinuwa.

Sai na tuna abin da take naɗa musu.
Na buɗe durowar da na yi wata goma sha huɗu ina kewayewa.
Safarta ta zuwa coci, doguwa, shara-shara,
har yanzu da siffar diddigenta.
Na zauna a bakin gado da almakashi.
Agogo ya buga, ya sake bugawa.
Na yanka.
Gindi bakwai, kowanne na ɗaura masa ɗamara.

Duk da haka ɗaya ta riga ni shiga.
Sha biyu ga Yuli, dusa a gindin na kusa da famfo.
Maƙwabciyata Lurleen ta leƙo ta shinge,
ta ce, "Tuge shi, Wendell, ka shuka wake."
Na ce ta riƙe mini tocila.
Na tsaga da reza, a tsaye, bin tsawon karan,
a hankali, kamar buɗe wasiƙar da kake tsoron karantawa.
Hantsaki ya kamo ta tana murɗewa.
Na jefa wa kajin Lurleen.
Na tara ƙasa mai laima a kan raunin,
na binne gaɓa uku na yaɗon can gaba,
ko da gindi ya gaza, su yi tasu saiwa.

Likitan Imogene ma ya tsaga, ya duba, ya rufe,
ya ce da an zo da wuri.
Wannan ban faɗa wa Lurleen ba.

Kwana uku ganyen na sunkuye.
Ran na huɗu ban fita ba, na tsaya a tagar kicin,
kofi a hannuna yana hucewa.
Ganye biyu sun ɗaga kai. Biyu kacal.
A ƙarƙashinsu fure ruwan ɗorawa ya buɗe baki,
ƙudan zuma ya shige har wuya.

Na ɗauki fensir, na je ga kalanda,
na koma baya mako guda daga rubutunta,
na sa nawa, hannu na rawa:
"Safa saura ƙafa uku.
Daga yau a fara dubawa."