Filin Bazara

Shekara talatin da biyar ina bin famfunan Sakkwato,
daga Rijiyar Ɗorowa har Runjin Sambo,
ina rubuta bashin ruwa a littafi mai shuɗin bango.
Da na aje aiki, sai nawa haƙƙin ya kwanta a ofis,
shekara uku yana minshari ƙarƙashin fayil.
Ranar da garatuti ya faɗo cikin waya
ina tsakiyar cin tuwo.
Sau huɗu na ƙirga sifirin. Miya ta huce.

Ashe kuɗi ƙamshi gare su.
Kafin la'asar ga Jabbi: albasa, in ji shi,
a saya a Gada, a zuba a rumbu,
a jira ranar da Kudu za ta neme ta da kuka.
Ƙanena ya ce babur huɗu na kabu-kabu.
Liman bai ce komai ba,
ya dai tambaye ni ko na taɓa tsayuwar Arfa.

Sai Arzika dillali, hula a karkace, goro a kunci:
"Malam Modi, albasa ruɓewa takai,
babur karo shikai,
naira ko ƙanƙara ce a hannun yaro da azahar.
Amma wa ka taɓa ji an sace mai ƙasa a aljihu?"

Ya goya ni a babur, muka bi hanyar gulbi.
Watan Afrilu, rana kamar bakin maƙera.
Hamsin da ɗari, ya auna da ƙafa,
ya nuna inda kwalta za ta biyo,
inda za a kafa makaranta, inda jikokina za su yi tsere.
Ƙasar baƙa, ta daddare kamar diddigen manomi.
Na ga faso ɗin. Wallahi na gan shi.

Luba ta ce, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba,
"Fili tulu ne, sai an zuba ruwa ake sanin inda yake yoyo.
Jira damina."
Na ce kafin damina wani ya riga ni.
Na sa hannu, shaidu biyu, la'ada a ambulan.
Na sayi siminti buhu arba'in,
aka buga bulo, aka jera su sahu-sahu kamar masu jiran sallah.

Agusta ta zo. Rima ta cika ta batse.
Na tsaya a bakin titi, wando a naɗe,
ina nuna wa ɗana falo da yatsa,
wani mai kwalekwale yana jefa taru a ɗakin baƙi.
Ni da na tsufa ina bin mutane kuɗin ruwa,
ga ruwa ya zo gidana kyauta,
bai ko yi sallama ba.

Luba ba ta ce uffan ba. Wannan ya fi zafi.

Da ruwa ya janye, wani Mande ya same ni a masallaci,
ya ce laka ta yi kyau, a ba shi aro ya sa albasa.
Yanzu duk rani buhu bakwai ke shigowa zaurena,
Jabbi ne ke saye, yana dariya har da tari.
Har gobe haya nake biya a Mabera.
Na buga lissafi: shekara goma sha tara kafin uwar kuɗi ta dawo,
ni ko sittin da huɗu gare ni, ga hawan jini.

Jiya Arzika ya dawo, bazara ta sake zagayowa.
Ya zo da wani yaro malamin asibiti,
sabon aure, takalmi na sheƙi, adashin shekara biyar a jaka.
Ninki biyu, in ji shi, yau-yau.
Ninki biyu kujerar Makka ce, har da guzuri.

Yaron ya durƙusa ya gaishe ni.
Na daɗe ina kallon takalmin nan.
Na ce, "Ɗana, filin na nan, ba ya gudu.
Ka dawo watan Agusta,
ka zo da matarka."