Kwana Casa'in da Ɗaya

Ofishina yana sama, kan shagon masu gyaran waya,
a Ƙofar Ƙaura, inda janareta ba ya barin mutum ya ji tunaninsa.
Aikina karanta kurakuran lauyoyi.
Su ake biya su tsaya wa mutane,
mu ake biya mu tsaya musu
ranar da baƙar riga ta kama da wuta.

Da na fara, fayil uku ne ko huɗu a shekara,
duk ciwonsu ɗaya: an manta rana.
Yanzu kabad ya ƙi rufuwa.
Da kujera nake tokare shi.

Ga na Barista Mannir.
Kwana casa'in aka ba shi ya ɗaukaka ƙara,
ya isa a na casa'in da ɗaya.
Da hannunsa ya rubuto mana:
"Mahaifiyata ce ta rasu a Mani, na zauna har bakwai."
Na yarda da shi.
Kotu ma ta yarda an yi rasuwa,
kwana ɗayan ne ba ta yafe ba.
Gonar Malam Rabe, eka shida da tsamiya biyu a bakin rafi,
cikin wannan kwana guda ta tafi.

Na bana kuwa filaye ne suka yi yawa.
Fuloti ɗaya a hanyar Batsari, masu shi uku,
kowa da takarda, kowace takarda da hatimin lauya.
Babu wanda ya taka zuwa ma'aikata ya buɗe littafi,
rana ta yi zafi, kuma mai sayarwa abokin ɗaurin aure ne.

Sai gado.
An raba gida a Rafindaɗi, an sa hannu, an yi fatiha,
aka manta Bara'atu da ke aure a Maraɗi.
Ta iso da goyo da katin shaidarta cikin leda,
ba ta ɗaga murya ba,
ta dai ce a sake ƙirga 'ya'yan mamaci a gabanta.

Sai sabon ciwo, wanda ba mu da sunansa a fom:
saƙo ya shigo waya da dare,
"An canza lambar asusu, Barista, a tura nan."
Ya tura. Miliyan tara na marayu.
Har yau lambar tana ƙara, ba mai ɗauka.

Shalkwata na son jadawali:
kashi nawa filaye, kashi nawa gado, kashi nawa mantuwa.
Ina cikewa, ina aikawa,
su kuma su ƙara wa lauyoyi kuɗin shekara.
Sai su hauro da fushi, ɗaya bayan ɗaya.
Wanzami dai ba ya son jarfa,
balle a ce shi zai sayi askar.

Mutanenmu ne suka sauya, ina ji.
Da, mutum zai ce ƙaddara ce, ya karkaɗe riga ya tafi.
Yanzu ma yana cewa ƙaddara ce,
sannan ya zauna ya tambayi inda ake kai kuka.

Ranar Laraba Malam Rabe ya zo karɓar diyya.
Ya juya takardar, ya sake juyawa,
ya ce, "An sa tsamiyoyin a ciki?"
Na duba fom ɗin tun daga sama har ƙasa.
Akwai gurbin eka, akwai gurbin naira.
Na ce, "Baba, babu gurbinsu."

A matakala suka haɗu da Mannir, ɗaya na sauka ɗaya na hawa.
Wurin ba ya cin mutum biyu.
Na jiyo tsohon yana cewa,
"Ashe an yi rashi. Allah ya ji ƙanta."
Lauyan ya daɗe bai hauro ba.