Allura Mara Kafa

Shekara talatin da bakwai Baba Nomau na soka allura a yadi
a shagonsa na bayan Babbar Kasuwa.
Yau shi ne kwance, ana soka masa a ka.

Ran wata Talata abin ya same shi,
yana tsakar yankan shadda.
Almakashi ya faɗi, baki ya karkace,
hannun dama ya koma kamar na aro.
Duk wannan da sauƙi.
Ya dube ni ya ce, “Cima,”
sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban san kaina ba.

Litinin da Alhamis, adaidaita daga Bagalam,
ina tallafe da shi kamar tulun da ya tsage.
Likita Sabi'u a Sin ya yi karatu.
Allurarsa siririya ce kamar gashin masara,
ba kafa, ba ruwan magani a cikinta.
Ya jera su bayan kunne, a tsakar ka, a gindin babban yatsa.
Baba ya daɗe yana kallon ta hannunsa,
sai ya ce, “Ina zaren?”
Mako bakwai ke nan bai haɗa kalma biyu ba.
Na fita waje na yi kuka.

Daga nan sai ɗakin Madam Barira.
Sandunan ƙarfe biyu, taku tara, zufa.
Ta zube masa maɓallai a kwano,
ware ja daga fari, ƙirga mini.
Kullum a shida yake cijewa,
bakwai ta shige masa duhu,
ya ture kwanon, mu bi ƙasa muna tsinta.

Kawu Jadi ya ce kuɗi muke zubawa a rijiya.
Ban musa ba.
Allurar ce ko sandunan, ko kwanakin da suka tara kansu,
ko addu'ar Inna ta tsakar dare,
ni dai ban rabe ba.

Wata na biyar, Gulbi ya kawo ruwa.
Ina ɗaura masa takalmi
ya kama hannun rigata da hagu, ya murza ɗinkin.
“Wa ya yi miki wannan aika-aika?
Kafaɗarki talatin da takwas ce, Tsahara.”

Hannun dama har yau bai riƙe almakashi ba.
Rigar kuma ban kai gyara ba,
ita nake sawa duk ran Alhamis
don ya sake yi mini faɗa.