Kilo Ashirin da Uku

Sikelin na Malam Ɗanjumma ne, mai albasa a Tsohuwar Kasuwa.
Mun aro shi da yamma, yana ta warin buhu,
muka rataye shi a reshen dogon yaro bayan majami'a,
nan Mabera, inda inuwa kan gaji kafin rana ta gaji.
Kilo ashirin da uku, in ji takardar jirgi.
Ko ƙwayar gero ba ƙari.

Su bakwai ne. Ni ce ta takwas, wadda ba ta zuwa ko'ina,
ni ke riƙe da littafin kuɗi.
Wata goma sha ɗaya ina rubutawa:
kunun zaƙin da zumuntar mata ta sayar,
tunkiyar Baba Sila,
'yan kunnen wata da ta ce kar in sa sunanta,
naira ɗari biyu mai laushi kamar dafaffen ganyen rama
daga yaron da ke goge mana benci.
Sau uku dala ta tashi, sau uku na sake lissafi.
Shafi na tara ya ɗan kumbura. Ba ruwan sama ba ne.

Madagaska.
Mun neme ta a taswirar makarantar Lahadi,
ga ta can gefe, kamar sawun ƙafa a tsakiyar ruwa.
Habila mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ya daɗe yana kallo.
Bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Goronyo ba.
Ya ce, "Waɗanda ruwa ya kewaye, su ma suna ƙishi?"
Fasto ya ce, "In ka je, ka tambaye su.
Tambaya na ce, Habila. Kar ka riga su amsa."

Jakarsa ta kai talatin da ɗaya.
Ya fid da takalmin zuwa sujada, ya fid da babbar riga,
sufana ko ɗaya bai taɓa ba.

Ta Briskila, nas ɗinmu, safar hannu ce da bandeji,
amma allurar sikeli ta ƙi tsayawa.
Can ƙasa muka tono ƙullin kuka da daddawa.
Uwarta, da ke zaune a tabarma, ta kau da kai:
"An ce shinkafa suke ci safe da rana da dare.
To da me 'yata za ta tuna gida?"
Muka bar daddawar. Tawul ne ya sauka.

Yunana ya zo da riguna bakwai, duk na ɗaukar hoto.
Fasto bai yi faɗa ba, ya dai ce,
"Mako uku ne. Ba ku za ku kai musu Yesu ba,
ya riga ku sauka, ya san hanyoyin garin.
Ku ci abin da aka ba ku. Ku koyi sunayen yara.
Kunne ba ya da nauyi a sikeli, ku tafi da duka biyun."

Sai suka sake bitar gaisuwar mutanen can,
harshe na tuntuɓe, dariya na tashe shi,
kowa na dafe da damtsen da aka yi wa allurar shawara.
Wuta ta ɗauke. Muka durƙusa a hasken waya.
Addu'ar Briskila gajera ce:
"Ubangiji, kar mu zame musu kaya."

Da safe na mai da sikeli, na miƙa kuɗin aro.
Malam Ɗanjumma ya ture hannuna.
"Mi kunka auna?"
Na ce, mutane bakwai da abin da za su iya bari.
Ya ce, "Allah shi kai su lahiya, shi maido su."
Na ce amin, da ƙarfi, tsakanin buhunan albasa.

Saura naira ɗari uku da hamsin a asusu.
Na ja layi, na buɗe sabon shafi,
na rubuta a samansa: Abin da suka dawo da shi.
Ban san da wane sikeli zan auna wannan ba.