Sai da Mutum Biyu

Babur ɗin Baba mai ƙafa huɗu,
wanda ya saya a gwanjon ma'aikatar gona,
shi kaɗai ya gagari masu rabon gado,
don ba wanda ya san gaɓar da ake yanka shi.
Muka bar shi gindin bedi a bayan gida,
ni Litinin zuwa Laraba, Sallau sauran kwanaki.
Makulli a ƙusa. Ba sai an yi magana ba.
Wata goma sha ɗaya ke nan.

Shekaranjiya a gangaren fadama,
da kwando shida na tumatir a bayana,
na damƙi birki, ya bi hannuna luɓus
kamar na matsa dafaffiyar kabewa.
Kargo ne ya tare ni, Allah ya saka wa kargo.
Tumatir kam awakin Nomau suka yi walima.

Na shiga Daura, layin 'yan kayan gyara.
Tsoho Ilu ya saurara yana tauna goro,
ya ce, "Mati, iska ce ta shiga,
man kuma ya tsufa, ya sha ruwa.
Ga gwangwani, ga tiyo, nemi sifana mai lamba takwas.
Aikin ba wuya,
sai dai mai danna daban, mai kwance noti daban."
Na ce ni kaɗai zan yi.
Ya tofar da goro, ya ba ni canji.

Na buɗe ƙoƙon mai a kan kambu.
Abin da ke ciki baƙi ƙirin, kamar ruwan marina.
Na zuƙe shi da sirinji, na share da tsumma,
na zuba sabo, garai-garai kamar man gyaɗa matsar yau.
Na ɗaure hannun birki da robar tayar keke,
na ruga ƙasa, na kwance, na ɗaure, na dawo.
Sau bakwai.
Abin da na kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Inuwa ta faɗo a kan taya.
Buta ce na fara gani, sannan ƙafafun da na sani,
da tabon fartanya a babban yatsa.
Ya daɗe a tsaye.
Ya ajiye butar, ya karɓi sifana ba tare da ya dube ni ba,
ya durƙusa, ya cusa tiyo cikin kwalba.

"Danna."

Muryar Baba ce sak, har da kaushin.
Na danna, ɗaya, biyu, uku.
"Riƙe."
Na riƙe. Noti ya yi ƙara,
hannun birki ya nutse har ya taɓa kambu,
baƙin mai ya bi tiyo yana tofar da kumfa,
ƙanana, ƙanana, sai wata ƙatuwa kamar idon kifi.
"Saki."

Danna. Riƙe. Saki.
Kalma uku muka yi ta juyawa har rana ta karkata.
"Duba ƙoƙon, kada ya ƙafe,
in ya ƙafe mun koma farko."
Wannan ta fi tsawo.
Na ƙara mai, hannuna na rawa, ya ɗiga kan tanki.
"Goge maza, yana cin fenti.
Kai dai tun kana yaro."
Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Tayar dama, tayar hagu, sannan ta baya.
Tiyo ya washe, ba kumfa ko ɗaya.
Na damƙa, birki ya tsaya cak kamar dutsen niƙa.

Sallau ya miƙe yana dafa gwiwa,
ya taɓa, ya sake taɓawa, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske.
Ladan ya fara gyaran murya a masallacin Tudu.
"Akwai sauran iska a ta baya," in ji shi.
Babu. Hannuna ya shaida babu.
"Gobe bayan la'asar."

Ya ɗauki butarsa.
Na rufe gwangwanin da kyau, na ɓoye rabin da ya rage.